Hanyar ratse a cikin hanta da magagin da ke biyo bayanta

Wani dattijo a unguwarmu, tsohon ɗan kasuwar fata, ya yi aman jini sau biyu cikin wata huɗu. A na biyun sai da aka ƙara masa jini leda biyar kafin ya san inda kansa yake. Cikinsa kuwa ya riga ya cika da ruwa, ko sunkuyawa ya ɗaura takalmi ba ya iyawa. 'Ya'yansa suka sayar da fili, dangi suka kawo gudummawa, aka kai shi Masar. Da ya dawo kowa ya yi hamdala, domin jinin ya tsaya, cikin ya fara saɓewa, har ya koma sahun farko a masallaci.

Mako uku da dawowarsa, ana kiran la'asar, ya ce a miƙo masa buta kada asuba ta wuce shi. Babban ɗansa ya ce, "Baba, ai la'asar ce ake kira." Ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Kafin magariba an kasu gida biyu: masu cewa sammu ne a nemo mai ruƙiya, da masu cewa a wuce da shi asibitin masu taɓin hankali na Kware. 'Yarsa da ke karatun aikin jinya ce ta ja mahaifiyarta gefe ta ce, "Inna, yaushe rabon Baba da kewayawa?" Aka lissafa, kwana uku ke nan.

Abin da ya same shi ba taɓin hankali ba ne. Sananniyar matsala ce da ke biyo bayan aikin da aka yi masa a Masar na buɗe wa jini hanyar ratse a cikin hanta, kuma likitoci sun san ta fiye da shekara ɗari. Abin da ya dame ni shi ne iyalan da ke kashe dukiyarsu a kan wannan aiki sau da yawa ba su fahimci me aka saya da me aka bayar ba.

Kusan duk abin da mutum ya haɗiya, tuwo ne ko fura ko ƙwayar magani ko jiƙo, idan hanji ya tsotse shi ba ya tafiya zuciya kai tsaye. Jinin da ya fito daga hanji da tumbi da saifa yana taruwa a babbar jijiya guda wadda likitoci ke kira fotal, mu ce mata jijiyar ƙofar hanta. Kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta ta nan yake bi, kuma a kowane minti kusan lita ɗaya da rabi na jini ke ratsa hantar babban mutum. A can ne ake tace shi, a ajiye mai amfani, a sauya mai cutarwa, sannan a sake shi ya nufi zuciya. Kamar ruwan Gulbin Rima ne, ba a tura shi famfon gida sai ya bi ta matata.

Idan hanta ta shekara da shekaru tana fama da ciwo, sai tabo ya riƙa maye gurbin namanta mai laushi har ta taurare ta motse. Wannan ne sirosis. A ƙasarmu babban mai jawo shi ciwon hanta nau'in B ne. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar, yawancinsu ba su ma sani ba. Akwai nau'in C, akwai giya, akwai kitsen hanta da ke tafiya da ciwon suga da ƙiba. Akwai kuma tsargiyar hanji, wadda ƙwanta ke maƙalewa a ƙananan rassan jijiyar ƙofar hanta, abin da ya kamata masu aikin fadama da masunta su sani.

Da hanta ta taurare, jini ba ya samun wucewa yadda ya saba, sai ya taru a baya. Ana ƙirga wannan matsin da irin lambobin da ake ƙirga hawan jini da su. A mai lafiya bambancin matsin tsakanin mashigar hanta da mafitarta bai wuce 5 ba. Idan ya kai 10 matsaloli sukan fara, daga 12 kuma jijiya na iya fashewa. Jinin da aka tare sai ya nemi wata kafa, ya kutsa cikin ƙananan jijiyoyin ƙasan maƙoshi da saman tumbi waɗanda ba a halicce su don ɗaukar wannan nauyi ba. Su kumbura, fatarsu ta yi siriri, wata rana ɗaya ta fashe. Shi ne aman jinin, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Cikin mutum biyar ko shida da wannan ya sama, ɗaya yakan rasu kafin mako shida. Wannan matsin ne dai yake taimakawa ruwa ya tsattsafo ya cika ciki, shi ne kuma yake kumbura saifa.

Ba da hanyar ratse ake farawa ba. Ana ba da magungunan rage matsin, irin su kabedilol. Ana zura na'ura mai kyamara ta baki a ɗaure jijiyoyin da suka kumbura da 'yan zobban roba. Don ruwan ciki ana rage gishiri, a ba da maganin sa fitsari, in ya ƙi a zuƙe ruwan da allura. Sai waɗannan sun gaza, ko likita ya ga alamar za su gaza, ake maganar TIPS, wato aikin buɗe wa jini hanyar ratse a cikin hanta.

Yadda ake yin aikin abin mamaki ne, don ba a tsaga ciki. Likita yana shiga ta babbar jijiyar wuya ta dama da siririn bututu, ya bi ta gefen zuciya ya gangara har jijiyar da ke fitar da jini daga hanta, yana kallon komai a allon na'urar ɗaukar hoto. Daga nan ya huda naman hantar da doguwar allura har ya sami reshen jijiyar ƙofar hanta. Ya buɗa ramin da balan-balan, ya dasa ɗan bututu na ragar ƙarfe mai faɗin milimita 8 ko 10 don kada ya rufe. Nan take jinin da ya taru ya sami mafita, matsin ya sauka ƙasa da 12, jijiyoyin maƙoshi su lafa. A 1988 aka fara yi wa ɗan Adam wannan aiki da bututun ƙarfe, a birnin Freiburg na Jamus. Kafin nan tiyata ce babba ake yi, a buɗe ciki a ɗinke jijiya da jijiya, kamar yadda likitoci Whipple da Blakemore suka yi a Amurka a 1945, ko salon da Warren ya fito da shi a 1967 na haɗa jijiyar saifa da ta ƙoda.

To amma a dubi abin da aka yi da kyau. Ba a gyara matatar ba. Bututu aka ja ya kewaye ta, ya kai ruwan gulbi famfon gida yadda yake.

An gane illar haka tun kafin a haifi kakanninmu. A 1877 wani likitan Rasha mai suna Nikolai Eck ya haɗa jijiyar ƙofar hanta ta karnuka da babbar jijiyar da ke komawa zuciya. A 1893 Ivan Pavlov da abokan aikinsa suka maimaita gwajin, suka lura cewa idan aka ba waɗannan karnuka nama sai su canza hali, su riƙa tangaɗi, su gigice, wasu su suma. Daga baya aka gano babban mai laifin, wato amoniya. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji, da shi kansa bangon hanjin, suna samar da ita kullum daga abinci mai gina jiki. Hanta mai lafiya tana sauya ta zuwa yuriya, ƙoda ta fitar da ita a fitsari, ba wanda ya san an yi. Idan jinin ya kewaye hanta, amoniyar ta isa ƙwaƙwalwa. A can akwai wasu ƙwayoyin halitta masu hidimta wa jijiyoyin tunani, su ne ke ƙoƙarin kwashe ta, kuma wajen yin haka suke shan ruwa su kumbura. Saƙonnin ƙwaƙwalwa su yi nauyi. Idan akwai wata cuta a jiki a lokacin, kamar ciwon mafitsara ko ƙwayar cuta a ruwan ciki, abin ya ninka.

Ban sami sunan da ya fi dacewa da wannan hali a Hausa kamar magagin hanta ba, domin ya yi kama da mutumin da aka tasa daga barci mai nauyi bai gama farkawa ba. Likitoci sun kasa shi mataki huɗu, amma iyali ne ke fara ganinsa, kuma sukan gan shi a ƙananan abubuwa. Mutum ya riƙa barci da rana, dare ya yi ido biyu. Wanda ya shekara arba'in yana lissafin kuɗi da ka ya kasa ba da canji. Ya rikice a yawan raka'o'i, ya maimaita sura. Mai haƙuri ya koma mai faɗa, mai kunya ya fara sakin magana. Daga nan sai ya manta rana da wata, ya kasa gane inda yake, magana ta riƙa sarƙewa. In ba a yi wani abu ba sai barci mai nauyi, sai suma. Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida: a ce ya miƙe hannuwansa gaba ya ɗaga tafukan kamar mai tsayar da mota, ya riƙe haka. Idan tafukan suna faɗuwa suna dawowa kamar fiffiken tsuntsu, alama ce babba. Wani lokaci numfashinsa ma yakan yi wani irin wari mai ɗan zaƙi-zaƙi.

Akwai matakin da ya fi ba ni tsoro saboda ba a ganinsa. Mutum yana hira daidai, yana gaisawa daidai, amma saurin yanke shawararsa ya ragu. Irin wannan idan ɗan kabu-kabu ne, ko direban da ke bin hanyar Illela ko Gusau, to rayuwar wasu ma ta shiga ciki. Wanda aka yi wa wannan aiki kada ya koma tuƙi sai likita ya duba shi ya amince.

Mutum nawa abin ke samu? Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa TIPS, a wasu binciken har kusan rabi, sukan yi magagi a fili aƙalla sau ɗaya, kuma yawanci cikin wata ukun farko. Mafi yawa magani yana shawo kansa. Kaɗan ne, ƙasa da ɗaya cikin goma, nasu ke ƙin jin magani. Kuma ba a kan kowa haɗarin yake daidai ba. Ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 65, da wanda ya taɓa yin magagin tun kafin aikin, da wanda hantarsa ta yi rauni ƙwarai har shawara ta bayyana a idonsa, da mai matsalar ƙoda, da wanda sinadarin gishirin jininsa ya sauka. Ya fi yawa kuma ga wanda ya rame tsokarsa ta zube, don tsoka ita ce mataimakiyar hanta wajen kwashe amoniya. Faɗin bututun ma yana da tasiri: in ya yi faɗi jinin da ke kewaye hanta ya yi yawa, shi ya sa likitoci da dama yanzu suka fi son na milimita 8. Ma'aunin MELD da ake amfani da shi yau a duniya wajen tsara layin masu jiran dashen hanta, asalinsa a asibitin Mayo na Amurka aka ƙirƙiro shi a 2000 don a gane wa zai rayu bayan TIPS. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa zaɓen wanda za a yi wa aikin ya kai aikin kansa muhimmanci. Mai raunin zuciya ma ba a yi masa, domin jinin da aka saki gaba ɗaya zuciya yake nufa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to ai gara a bar aikin. Ba haka nake nufi ba ko kaɗan. A wani bincike da aka buga a 2010, an ɗauki marasa lafiya 63 masu zubar jini waɗanda haɗarinsu ya yi yawa. Waɗanda aka yi wa TIPS cikin awa 72, kashi 86 cikin 100 suna raye bayan shekara, waɗanda aka bi da su ta magani da ɗaurin roba kuwa kashi 61. Wani binciken na Faransa a 2017 a kan masu ruwan ciki mai yawan dawowa ya sami kashi 93 na waɗanda aka yi wa TIPS suna raye bayan shekara ba tare da dashen hanta ba, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 52. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, rayuka ne. Kuma shi mai sirosis ko ba a taɓa shi ba yana iya yin magagin, don jikinsa da kansa yana buɗe hanyoyin ratse. Abin da nake cewa shi ne a shiga da ido buɗe. Kafin a sa hannu a takarda, babban ɗa ko matar gida ta tambayi likita kai tsaye: a yanayin wannan mutum namu, yaya girman haɗarin magagi, wane faɗin bututu za a sa, kuma me za mu yi ranar da ya fara rikicewa muna Sakkwato ku kuna can?

Tambayar ƙarshen ce ta fi nauyi a wurinmu. Aikin yana buƙatar ƙwararru da na'urori na musamman, shi ya sa da yawa sai sun yi doguwar tafiya, wasu har Indiya ko Masar. Amma magagin a gida yake zuwa, kuma kusan kullum akwai abin da ya tayar da shi.

Na farko taurin bayan gida, kamar na dattijon nan. Muddin abin ya daɗe a hanji, amoniya na ƙaruwa. Sai ƙarancin ruwa a jiki. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san yadda gumi ke tsotse mutum, to ina ga wanda ke shan maganin sa fitsari a kan haka? Gudawa ko amai na kwana ɗaya ya isa ya jefa shi. Azumi ma a nan yake shigowa: wanda hantarsa ta kai wannan mataki ya tambayi likita kafin Ramadan, kuma addini ya riga ya yi wa marar lafiya rangwame. Sai zubar jini a ciki, domin jinin da ya kwanta a hanji abinci ne ga masu samar da amoniya. Sai zazzaɓi ko kowace irin cuta. Sai kuma wanda ya fi ba ni takaici, wato maganin barci. Iyali su ga Baba ba ya barci da dare, a aika yaro kemis ya sayo diyazefam, alhali rashin barcin shi ne farkon magagin, maganin kuma ya tura shi cikin suma. Haka taramadol da kodin. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka haɗa a ciki ba su ma a nisanta su daga mai irin wannan hanta, komai kyakkyawar niyyar wanda ya kawo.

Batun abinci akwai kuskuren da ya daɗe, har a tsakanin ma'aikatan lafiya. Tunda amoniya daga abinci mai gina jiki take fitowa, sai a hana marar lafiya nama da ƙwai da wake, a bar shi da koko da farar shinkafa. A da can haka ake koyarwa, amma an bar wannan. Yunwar tana cinye tsoka, tsokar da ita ce ke taimakonsa. Abin da ake so yanzu shi ne giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, a rarraba kaɗan-kaɗan, kada ya daɗe bai ci ba, kuma lallai ya ci wani abu kafin ya kwanta. Alala, ƙosai, awara, nono, ƙwai, kifi, duk muna da su, kuma na tsiro da na nono sun fi yi wa irinsu sauƙi. Nama ba haramun ba ne gare shi, amma a zauna a kan tire guda na naman layya ko balangu a cinye a zama ɗaya, wannan neman magana ne. Gishiri ne abin ragewa, tare da dunƙulen ɗanɗano, da kanwa, wadda mutane ke mantawa ita ma cike take da sinadarin gishiri.

Babban maganin ba mai wuyar samu ba ne. Laktulos wani ruwa ne mai zaƙi da kauri wanda hanji ba ya tsotsewa. Yana tausasa bayan gida, yana kuma sa cikin hanji ya yi tsami ta yadda amoniya za ta maƙale ta fita. Ba a auna shi da cokali kawai, ana auna shi da sakamako: a ƙara ko a rage har mutum ya riƙa kewayawa sau biyu zuwa uku a rana, mai laushi. In ya koma gudawa an wuce gona da iri, kuma wannan ma yana tayar da magagin. Da yawa sukan daina sha saboda kumburin ciki ko don sun ga sun warware, nan ne kuma ake komawa gidan jiya. Na biyu rifaksimin, maganin ƙwayoyin cuta da ke tsayawa a hanji. Wani binciken Faransa da aka buga a 2021 ya fara ba da shi kwana 14 kafin TIPS aka ci gaba na kusan wata shida: kashi 34 cikin 100 suka yi magagi, a waɗanda ba su sha ba kuwa kashi 53. Yana da tsada, amma wanda ya iya haɗa kuɗin jirgi ya kamata a gaya masa ya sa shi a lissafi tun farko.

Idan mutum ya kai ga ba ya gane mutane ko barci na rinjayarsa, ba a ɗura masa komai ta baki, ko ruwan rubutu ne ko laktulos ɗin kansa, don yana iya shaƙa ya tafi huhu. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, tare da duk takardun aikin da magungunansa. Addu'a ana yin ta a hanya. A can za a duba sugan jininsa, a nemi cuta ko zubar jini, a ba shi laktulos ta bututun hanci ko ta dubura. Yana da kyau takardar da ke cewa akwai bututu a hantarsa ta zauna a aljihunsa kullum, don likitan da bai san da shi ba zai iya ɓata lokaci yana neman shanyewar ɓarin jiki.

Wanda magaginsa ya ƙi jin duk wannan, ana iya komawa ta wuyan a sa ƙaramin bututu cikin na farkon a rage faɗinsa, ko a toshe shi gaba ɗaya. Hankali yakan dawo, amma matsin ma yakan dawo, da ruwan cikin da barazanar jinin. Dashen hanta ne kaɗai ke cire tushen matsalar, shi kuwa ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Ko da komai na tafiya daidai, bututun yana buƙatar a riƙa duba shi da na'urar sikanin lokaci-lokaci don yana iya ƙuntata, kuma mai nau'in B ba ya barin maganinsa, irin su tenofobir, ko da kwana ɗaya ba tare da izinin likita ba.

Dattijon unguwarmu ya kwana huɗu a asibiti. An sami ciwon mafitsara a kan taurin bayan gidan, aka magance duka biyun. A rana ta biyu ya tambayi wa ya kawo shi nan, kuma bai tuna maganar butar ba. Yanzu Inna ce ke riƙe da kwalbar laktulos, akwai kuma ɗan littafi a gefen gadonsa inda jikarsa ke rubuta sau nawa ya kewaya, shi kuma yana sa hannu a ƙasa kowace safiya don a ga ko rubutunsa ya fara karkacewa. An gwada 'ya'yansa bakwai, biyu suna ɗauke da nau'in B, sauran biyar an fara yi musu allurar riga-kafi.